Kaza a Kan Dami: Yadda Mutanen Finlan Suka Koyi Lokacin Naman Kaza

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na shekarar 1867, wani sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka da dare a kan gonakin ƙasar Finlan. Hatsi bai riga ya nuna ba, domin a shekarar an yi shuka a makare. Ƙanƙara ba ta saki wasu tafkunan ba sai cikin watan Yuni. Da gari ya waye manoma suka tarar da zangarniya ta ƙone, ba ƙwaya a cikinta. Duk magidancin da ya zagaya gonarsa a wannan safiya ya san abin da ke tafe. A bayan kusan kowace gona kuwa akwai daji, kuma watan Satumba shi ne tsakiyar lokacin da dajin ƙasar ke fitar da naman kaza, tsiron nan mai kama da lema da wasu ke kira lemar kwaɗi. Mafi yawan talakawan yammacin ƙasar ba su ko waiwaye shi ba, don a ganinsu abincin shanu ne. Kafin yunwa ta kai su ga tunanin gwada shi, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, lokacinsa ya wuce.

Hausawa kan ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wannan maƙala ta bi sawun yadda al'ummar da ta daɗe tana kwana a kan dami ta farka, har ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a tsintar naman kazan daji. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ilimin da ya fi wuyar samu a wannan fage shi ne ilimin lokaci: wane iri ne ke fitowa a wane mako, a gindin wane itace, bayan wane irin ruwan sama, kuma kwana nawa yake yi kafin ya lalace. Littafi ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen koyar da wannan ilimi, amma sai da yaƙi ya cakuɗa maƙwabta kafin ya shiga kowane gida.

Ƙasa mai gajeren zango

Finlan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne. Itatuwa uku ne suka mamaye dajin: biyu masu ganye kamar allura, waɗanda mutanen ƙasar ke kira mänty da kuusi, sai na uku mai farin ɓawo da suke kira koivu. Lokacin da tsirrai ke iya girma bai wuce wata shida ba a kudu maso yamma, a can arewa kuwa, yankin Lafland, wata uku ne da 'yan kai. Sauran shekarar ta hunturu ce.

Abin da ido ke gani a matsayin naman kaza 'ya'ya ne kawai. Ainihin halittar tana cikin ƙasa, zare-zare ne sirara kamar saƙar gizo, masu naɗe jijiyoyin itace. Zaren yana taimaka wa itace wajen jan ruwa da sinadaran ƙasa, itacen kuma yana biyan sa da sukarin da ganyensa suka sarrafa. Saboda wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne kowane iri yake da itacen da yake bi, kuma saboda shi ne har yau aka kasa noma mafi daɗin cikinsu a gona. Zaren ba ya fitar da 'ya'ya sai ƙasa ta jiƙe, ɗumi ya daidaita. In an yi fari a watan Yuli, sai a shiga Agusta daji wayam. In ruwa ya sauka a kan ƙasa mai ɗumi, cikin mako ɗaya ko biyu sai ka ga kamar an yi shuka da dare.

Kalandar da mutanen Finlan ke bi a yau tana da zango huɗu. Na farko yana zuwa ne a watan Mayu zuwa farkon Yuni, da zarar ƙanƙara ta narke, lokacin da korvasieni ke ɓullowa a ƙasa mai yashi inda aka sare itatuwa. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, kansa a cukurkuɗe kamar ƙwaƙwalwa. Zango na biyu yana farawa bayan bikin tsakiyar lokacin ɗumi da suke yi a ƙarshen Yuni, sa'ad da rana ke ƙin faɗuwa a arewa. A nan ne kantarelli mai launin ƙwaiduwa ke fara leƙowa a gindin koivu, ya ci gaba har Satumba. Herkkutatti kuma, mai kauri da farin tsoka, yana fitowa rukuni-rukuni, kowane rukuni na 'yan kwanaki, tsutsa kuma tana tsere da mai tsinta. Zango na uku shi ne Agusta da Satumba, lokacin dangin rousku, waɗanda in an karya su sai su zubo da farin ruwa kamar madara, mai yaji. Na huɗu, na bankwana, na suppilovahvero ne, ɗan siriri mai kama da mazurari, wanda ke cika gansakukar gindin kuusi daga Satumba har Nuwamba. Shi ba ya tsoron sanyi. Akan tsince shi a daskare a ƙarƙashin dusar farko.

Wannan jerin yana da sauƙin haddacewa, amma an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya cika, kuma kowane zangonsa ta wata ƙofa daban ya shigo ƙasar.

Ƙofar gabas da ƙofar yamma

Ƙofa ta farko ta gabas ce. A yankin Kareliya, wanda ya ratsa iyakar Finlan da Rasha, akwai Kiristoci mabiya ɗariƙar Otodoks, masu azumi da dama a shekara. Azuminsu na ƙaurace wa nama da madara da ƙwai ne, kuma biyu mafi tsawo, na gabanin Kirsimeti da na gabanin Ista, suna faɗowa ne lokacin da ƙasa ba ta fitar da komai. Mai irin wannan azumi dole ya nemi abin da zai maye gurbin nama a tukunya, kuma dole ya tanade shi tun da kaka. Don haka matan Kareliya, kamar maƙwabtansu Rashawa, suka ƙware a kan rousku: a tsinto shi a Agusta da Satumba, a jiƙa ko a tafasa don a kashe yajin, a jera shi a gangar katako ana barbaɗa gishiri, a ɗora dutse a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abincin watan Maris a watan Satumba ake haɗa shi.

Manoman Rasha ba da kwanan wata suke lissafin naman kaza ba, da gona suke yi. Sun raba fitowarsa gida uku, suka ba kowanne suna daga aikin da ake ciki: na farko shi ne na lokacin da hatsin burodinsu, ɗan'uwan alkama da Finawa ke kira ruis, yake fitar da kai, na biyu na lokacin girbi, na uku, mafi yawa da daɗewa, na lokacin da ganye ke zuba. Hikimar wannan lissafi ita ce, in shekara ta makara, hatsi da naman kaza tare suke makara, saboda haka alamar ba ta yaudara. Wanda ya dogara da kwanan wata yana iya zuwa daji ya dawo da kwando fayau, amma wanda ya dubi zangarniya kafin ya fita da wuya ya yi asarar tafiya.

Ƙofa ta biyu ta yamma ce, kuma ta manya ce. Finlan ta yi ƙarnoni a ƙarƙashin Suwidin kafin ta koma hannun sarkin Rasha a 1809, kuma ko bayan haka masu mulki da masu ilimi sun ci gaba da magana da harshen Suwidin, suna kwaikwayon abin da ake yi a Stockholm. A 1810 Suwidin ta zaɓi wani babban hafsan sojan Faransa, Jean-Baptiste Bernadotte, ya zama yarima mai jiran gado, ya hau karaga a 1818 da sunan Karl Johan, ya yi mulki har 1844. Ya zo da ɗanɗanon ƙasarsu, inda ake girmama naman kaza a teburin sarakuna, har ma irin da Finawa ke kira herkkutatti yake amsa sunan wannan sarki a Suwidin zuwa yau. Daga fada abin ya gangara gidajen attajirai, ya haye teku zuwa manyan gidajen gaɓar Finlan. Su ba su san gangar gishiri ba. Kantarelli da herkkutatti suke so, a soya da man shanu a ci da ɗanyensa a lokacin ɗumi.

Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu akwai mafi yawan jama'a, manoma mabiya ɗariƙar Luta, waɗanda ba su da dogon azumin da zai tura su daji, ba su kuma zama a teburin manya. Suna tsintar 'ya'yan itatuwan daji, suna kamun kifi, suna farauta, amma naman kaza sun bar wa shanu, da Rashawa, da masu kuɗi.

Littattafan manya da shekarun yunwa

Masana sun daɗe da lura da wannan asara. A Jami'ar Uppsala ta Suwidin, Elias Fries, wanda ya rayu daga 1794 zuwa 1878 kuma ya aza harsashin rarrabe dangin naman kaza a kimiyyance, ya fitar da wani babban kundi mai zane-zane masu launi a kan waɗanda ake ci da masu guba a tsakanin 1860 da 1866. A Finlan kuma wani mai sarauta, Eduard Hisinger, ya rubuta ɗan littafin jagora domin talakawa da harshen Suwidin a 1860, aka fitar da shi da harshen Finlan a 1863. Petter Adolf Karsten, malami a makarantar aikin gona ta Mustiala, ya ƙarar da rayuwarsa yana tattarawa da sifanta nau'o'in da ke ƙasar. Manufar masu wa'azin cin naman kaza a fili take. Ƙasar ta san yunwa: ta 1695 zuwa 1697 ta ci wajen sulusin jama'a, kuma a duk shekarar da hatsi ya gaza, talaka yakan koma ga pettu, burodin da ake haɗawa da garin ɓawon mänty na ciki.

Shekaru huɗu bayan fitowar littafin Hisinger da harshen talakawa, jarrabawa ta zo. Amfanin gonar 1866 bai yi kyau ba saboda yawan ruwa. A 1867 matsakaicin zafin watan Mayu a Helsinki bai kai digiri 2 ba, sai kuma sanyin Satumba ya ƙarasa abin da ya rage. Johan Vilhelm Snellman, wanda ke riƙe da sha'anin kuɗi a majalisar mulkin ƙasar, ya ciwo bashi daga bankin Rothschild na Frankfurt don sayo hatsi, amma an makara, teku ta fara daskarewa, hanyoyin cikin ƙasa kuma ba su da kyau. Hukuma ta koma koya wa mutane yin burodi da gansakukar duwatsu. Jama'a suka bazu a hanya suna bara, zazzaɓi mai kisa yana bin su gari-gari. Mutuwa ta kai ƙololuwa a farkon rabin shekarar 1868. A shekaru ukun nan mutum wajen 270,000 ne suka mutu a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan biyu ba, wato kimanin 150,000 fiye da yadda aka saba.

Adalci ne a faɗi cewa naman kaza ba zai hana wannan bala'i ba. Wajen kashi tara cikin goma na jikinsa ruwa ne, ba ya ƙosar da mai aikin ƙarfi kamar hatsi. Iyakarsa ya ƙara auki a tukunya, ya sa burodin ɓawo ya haɗiyu, ya ba jiki ɗan abin da ya rasa. Sai dai ko wannan ɗan taimakon bai samu ba, kuma dalilin yana cikin kalanda. Daji yana bayarwa ne a Agusta da Satumba, yunwa kuwa tana cizo ne daga Janairu zuwa Mayu. Tsakanin kyautar da buƙatar akwai wata huɗu ko fiye, kuma babu abin da ke cike wannan giɓi sai ganga da gishiri da al'adar da ta saba tanadi tun ciki yana ƙoshe. Littafi yana iya nuna wa mutum hoton abin da ake ci, amma ba ya iya tashinsa da asuba a makon da ya dace, balle ya cire masa ƙyamar da ya gada daga kakanni. Ga kuma gishirin kansa, wanda sai an sayo shi daga waje da kuɗin da talaka ba shi da su.

Bayan yunwar aka ci gaba da wa'azi. Ƙungiyar mata ta Martat, wadda aka kafa a 1899 don koyar da kula da gida, ta sa tsintar abincin daji da adana shi cikin darussanta. Shari'a ma ta share hanya. A 1914 wani mai fili ya ƙwace 'ya'yan itacen daji da wata mata mai suna Ilma Lindgren ta tsinta a dajinsa. Ta kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 1920. Hukuncin ya ƙarfafa tsohuwar al'adar arewacin Turai wadda ta ba kowa ikon ratsa dajin wani ya tsinci abin da ya tsiro da kansa, muddin bai yi ɓarna ba, bai kuma matsa kusa da gida ba. Ga abin da lokacinsa ke ƙarewa cikin kwanaki, wannan 'yanci ba ƙarami ba ne, domin wanda zai tsaya neman izini kafin ya samu tsutsa ta riga shi.

Baƙin da suka zo da kalanda a ka

Abin da littafi da ƙungiya suka yi shekara tamanin suna lallaɓawa, yaƙi ya zo ya hanzarta shi. A ƙarshen Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka wa Finlan, kuma yarjejeniyar Maris 1940 ta tilasta mata sallama babban yanki na Kareliya, har da birnin Viipuri. Finlan ta sake karɓe yankin a 1941, ta kuma rasa shi baki ɗaya a 1944. Mutum fiye da 400,000, sama da kashi ɗaya cikin goma na al'ummar ƙasar, suka bar gidajensu, aka rarraba su a garuruwa da ƙauyukan da suka rage, aka yanka musu gonaki.

Ba dukansu ne mabiya Otodoks ba, hasali ma mafi yawansu 'yan Luta ne, amma sun fito daga yankin da cin naman kaza ya zama ruwan dare. Sun sauka a cikin mutanen da suke kallon abin a matsayin ƙazanta, a daidai lokacin da abinci ya koma na kati, domin rabon kayan masarufi da aka fara a 1939 bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. Da farko kallon mamaki da raini aka bi su da shi. Sai dai wadda ta ga maƙwabciyarta ta nufi daji da kwando a safiyar Agusta, ta dawo da shi cike, ta ga kuma 'ya'yan gidan sun ci sun kwana lafiya, ba ta buƙatar dogon bayani. Shekara mai zuwa sai ta bi ta. A irin wannan tafiya ake koyon abin da ba ya rubutuwa: ƙanshin ƙasa bayan ruwa, gefen tudun da ke fara fitarwa, yawan kwanakin da za a ƙirga bayan mamako, da lokacin da za a haƙura a bar wa tsutsa. Gani ya kori ji.

Masana suka biyo baya da alƙaluma. A 1947 Toivo Rautavaara ya gabatar da kundin digirinsa na uku a kan yawan naman kazan da dazuzzukan Finlan ke fitarwa, a 1948 kuma aka kafa ƙungiyar masu nazarin naman kaza ta ƙasar. Daga baya aka shiga horar da masu ba da shawara da ke zagaya ƙauyuka suna fita daji da mutane, wato dai aka mayar da hanyar maƙwabciya tsarin hukuma. Gwamnati ta yafe haraji a kan kuɗin da mutum ya samu daga abin da ya tsinto da hannunsa ya sayar. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ne suppilovahvero, wanda a da ba a damu da shi ba, ya samu karɓuwa, ya ƙara wa shekarar masu tsinta wajen wata biyu. Haka gangar gishirin gabas da kaskon suyar yamma suka haɗu a ɗakin girki ɗaya, har kwaɗon rousku da albasa da kirim ya zama abin da ake sa rai da shi a teburin Kirsimeti a gidaje da yawa. Daga bisani 'yan kasuwar Italiya suka gano herkkutatti na gabashin Finlan, suka riƙa kafa wuraren saye a 'yan makonnin da yake fitowa.

Gubar da ke da nata lokacin

Faɗaɗar kalanda ta zo da nata haɗarin, domin kowane zango yana da maƙiyin da ke fitowa tare da shi. Korvasieni, ɗan farin shekara, guba ne in an ci shi ɗanye. A shekarun 1960 masana a Jamus suka gano sinadarin da ke cikinsa, wanda a jikin mutum yake rikiɗa ya zama irin wanda ake zuba wa roka a matsayin mai, ya taɓa hanta da jijiyoyi. Wasu ƙasashe sun hana sayar da shi, amma Finlan ta bari, bisa sharaɗin a haɗa shi da gargaɗi da bayanin sarrafawa: a tafasa shi sau biyu cikin ruwa mai yawa, kowane karo aƙalla minti biyar, a zubar da ruwan, a ɗauraye, taga kuma a buɗe don tururin ma yana cutarwa. Abincin wani gubar wani, in ji masu magana. A nan kuwa abu ɗaya ne yake zama duka biyun, tafasa ce kawai ta raba su.

Maƙiyin zangon ƙarshe ya fi wayo. Wani iri mai launin jan ƙasa, ɗan dangin da Finawa ke kira seitikki, yana tsirowa a cikin gansakukar kuusi, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya da suppilovahvero, har akan same su a cakuɗe. Gubarsa ba ta nuna kanta a ranar da aka ci. Takan yi kwana biyu, wani lokaci har fiye da mako biyu, tana cin ƙoda a ɓoye. Wannan jinkiri ne ya sa aka daɗe ba a zargi danginsa ba, sai bayan da mutum fiye da 100 suka kamu a Folan a 1952, wani likita mai suna Stanisław Grzymała ya bi diddigi ya gano tushen. A Finlan an fara tabbatar da irin wannan guba a farkon shekarun 1970. Darasin da aka ɗauka shi ne a tsinta ɗaya bayan ɗaya, kada a damƙo da hannu, kada kuma gajeren yinin Oktoba ya sa a yi gaggawa.

A ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil da ke Yukren ta fashe, iska ta kwaso ƙurarta zuwa arewa, ruwan sama ya sauke ta a wasu sassan kudanci da tsakiyar Finlan. Zaren naman kaza yana zuƙar sinadarin siziyom daga ƙasar daji ya tara, shi kuwa wannan sinadari sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Mai tsinta da ya saba lissafi da mako sai ga shi yana lissafi da shekaru. Abin sha'awa, shawarar da hukumar kula da tururin nukiliya ta ƙasar ta bayar ba baƙuwa ba ce: jiƙawa da tafasawa a zubar da ruwa, kamar yadda matan Kareliya suke yi wa rousku tun kaka da kakanni, suna fitar da kaso mafi yawa na sinadarin.

Kalanda ta fara gocewa

Da ƙyar aka gama koyon kalandar sai ta soma motsi. Shaidar ta fito ne daga inda ba a zata ba, wato ɗakunan ajiyar busassun tsirrai, inda magadan Fries da Karsten suka riƙa liƙa wa kowane samfuri takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata. A 2008 Håvard Kauserud na Jami'ar Oslo da abokan aikinsa suka wallafa nazarin bayanai wajen 34,500 da aka tara a Norwe, maƙwabciyar Finlan ta arewa, daga 1940 zuwa 2006. Suka gano cewa tun daga 1980 fitowar naman kazan kaka ta ja baya da kimanin kwana 13, abin da suka danganta da ɗumamar yanayi da tsawaitar lokacin girman tsirrai. Waɗanda suka rubuta waɗancan ƙananan takardu ba su san suna auna sauyin duniya ba. Sun dai kiyaye amanar rubuta rana.

Kwana 13 ba wani abu ba ne ga mazaunin birni, amma ga abin da rayuwarsa a bisa ƙasa ba ta wuce mako ɗaya ko biyu ba, shi ne bambancin kwando cike da kwando fayau. Wanda ya gaji cewa a mako kaza na wata kaza ake zuwa tudu kaza, yanzu yakan je ya tarar bai yi ba tukuna. Wanda kuwa ya gaji duban alamu, kamar manomin da ke kallon zangarniya da zubar ganye, kalandarsa tana gocewa tare da shekarar, ba ta barinsa a baya.

Kammalawa

Daga sanyin 1867 zuwa yau, dajin Finlan bai sauya abin da yake bayarwa ba. Mutanen ne suka sauya. Sun karɓi gangar gishiri daga gabas, kaskon suya daga yamma, sunaye da hotuna daga malamai, 'yancin shiga daji daga al'ada da kotu, sannan suka karɓi sanin lokaci daga baƙin da yaƙi ya koro, waɗanda aka fara tarba da raini. Wannan na ƙarshe shi ne ya ɗaure sauran, domin da shi ne kyautar wata biyu take zama abincin wata shida. Tarihin ya kuma nuna cewa irin wannan ilimi ba a ajiye shi a ce an gama. Kowace shekara sai an koma an tambayi ƙasa. A ƙarshen Oktoba, sa'ad da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma, akan ga tsohuwa da jikanta a durƙushe cikin gansakuka, suna kakkaɓe dusar farko daga kan suppilovahvero, tana nuna masa wanda za a ɗauka da wanda za a bari, tana kuma gaya masa cewa bana ya makara.